Yadda Ake Kare Kwamfutar Tebur Daga Raunin Wuta, Da Abin Da Kukan UPS Ke Nufi

Tambaya biyu ce ke ta maimaituwa daga masu shagunan buga takardu, masu haɗa bidiyon biki da malaman makarantu a unguwannin Nima, Maamobi da Sabon Zango na Accra, game da UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ta farko: "Ga wuta, amma UPS ɗina sai kuka yake, me ya same shi?" Ta biyu: "Ina da UPS, amma da fitila ta ƙifta sai kwamfuta ta mutu ta sake tashi, to ina amfaninsa?" Sau da yawa amsar ba a jikin UPS take ba, tana cikin soket ɗin bango. Dumsor, wato ɗauke wuta, kowa ya san shi, in an ɗauke an ɗauke. Mai ɓarna a ɓoye ita ce wutar da ke nan amma ba ƙarfi: fanka na juyawa da ƙyar, fitila ta dushe, firjin maƙwabci ya tashi allonka ya girgiza. Irin wannan wutar ce ke tsotse batir cikin 'yan watanni, ta lalata fayil, ta gajiyar da pawa-pak, wato ɗan akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta.

Tanadi maltimita (mitar auna wuta), sukudireba, biro da takarda, da wayar wutar kwamfutar kanta. A bi matakan a jere, domin abin da ka gani a mataki na 1 shi zai faɗa maka abin da za ka saya a na 5 da na 6.

1. Auna wutar soket kafin ka sayi komai

Wutar gida a Ghana folt 230 ce, 50Hz. Juya maltimita zuwa V mai alamar ~, a kan 600 ko 750. Baƙar waya a ramin COM, ja a ramin V. Soket mai baki uku yana da murfi a ciki, kada ka tsaya tura masa ƙarfe. Cire wayar wutar kwamfuta daga bayan akwatin, sa filoginta a bango, ka kunna, sannan ka auna a ramukan gefe biyu na ɗayan kan wayar.

Gargaɗi: hannu a bushe, takalmi a ƙafa, yatsa a kan roba. Ka tabbata jar wayar ba ta cikin ramin 10A, in ba haka ba tartsatsi za ka gani, mita kuma ta tafi.

Awo ɗaya ba ya isa. Auna da safe, da rana wajen ƙarfe 2, da kuma tsakanin magariba da ƙarfe 10 na dare, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya taransifoma ta ɗauki nauyi. Yi haka kwana uku, kana rubutawa. Ga yadda za ka karanta lambobin:

Tsakanin 207 da 253, wutar ba laifi. Idan da dare tana sauka 180 zuwa 200, UPS mai AVR, wato mai ɗaga wutar da ta yi ƙasa, zai riƙe. Idan tana kaiwa 160 ko ƙasa, UPS shi kaɗai zai wahala, sai an haɗa da sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta. Idan kuwa lambar na hawa sama da 253, ko tana tsalle, wasu fitilu na ƙara haske wasu na dushewa a lokaci guda, wannan alamar wayar nutural ce, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta saki a wani wuri. Kashe komai, cire filogi, ka kai rahoto ofishin kamfanin wuta, ECG, na yankinka. Wannan ba matsalar da ake maganinta da sayen kaya ba ce, ita ce ke ƙone talabijin goma a layi ɗaya.

Maltimita ba ta kama faɗuwar da ke zuwa ta wuce cikin ƙiftawar ido. Don ita, buɗe Event Viewer a Windows, shiga Windows Logs, sannan System, ka nemi Kernel-Power mai lamba 41. Yana nuna lokutan da kwamfuta ta mutu ba a kashe ta ba. Ba kowane 41 ne laifin wuta ba, amma idan lokutan sun dace da tashin famfon ruwa, injin niƙa ko walda a layinku, ka kama ɓarawon.

2. Gyara abin da ke cikin gidanka

Bar mita a haɗe, ka kunna dutsen guga ko butar lantarki a soket na kusa. Idan lambar ta faɗi da fiye da folt 10, laifin na cikin gida ne: waya siririya, sukurun da ya saki a bayan soket, ko layi ɗaya da aka ja wa ɗakuna shida a gidan haya. Taɓa filogi bayan awa ɗaya yana aiki. In ya yi ɗumi, ko bakin soket ya yi baƙi, a canza shi.

Ekstenshan mai arha ma yana cin nasa rabon. Yanke irinsa ka gani, silin jan ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba, wasu ma ramin ƙasa ado ne kawai, ba waya a bayansa. UPS a bango kai tsaye ake sa shi. Idan soket ya yi nisa, a ja sabo da waya 2.5mm, kuma a raba layin kwamfuta da na firji, na'urar sanyaya ɗaki da famfo.

Sai wayar ƙasa. A kan wayar kwamfutar nan, auna ramin tsakiya da kowane ramin gefe. Ɗaya ya kamata ya ba ka kusan 230, ɗayan kuma 'yan folt kaɗan kusa da sifili. Idan duka biyun sun nuna sifili, ko wata lamba mai yawo wajen 100, babu wayar ƙasa. Ita ce dalilin da akwatin kwamfuta ke ɗan cizon hannu, kuma ba tare da ita ba kariyar da UPS ke yi daga hauhawar wuta rabi ce. Wannan aikin mai wuta ne da ke da takardar hukumar makamashi, Energy Commission, ba na ɗan koyo ba.

3. Leƙa bayan akwatin kwamfuta

Karanta takardar da ke jikin pawa-pak. Idan an rubuta 100–240V, madalla, irinsa yana jure raunin wuta sosai. Idan akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, ka tabbata yana kan 230.

Gargaɗi: kwamfutocin tebur da aka yi amfani da su, waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, sukan zo da makunnin a kan 115. Sa ta a bango haka, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Kuma kada wani ya ba ka shawarar mayar da shi 115 wai don wuta ta yi ƙasa. Daidai lokacin da wutar ta dawo da ƙarfinta pawa-pak ya gama.

Lafiyayyen pawa-pak yana riƙe kwamfuta kamar milisakan 16 bayan yankewar wuta. UPS kuma yana ɗaukar milisakan 4 zuwa 10 kafin ya koma batir. Tazarar ke nan da ake dogaro da ita. Pawa-pak ɗin da ya tsufa, kafasitocinsa suka kumbura, ba ya kai wa haka, sai kwamfuta ta sake tashi ko da UPS ɗin sabo ne dal. A tuna da wannan a mataki na 8.

4. Lissafa nauyin da za ka ɗora

Lambar da ke gaban kwalin UPS VA ce, ba wat ba, kuma a nan ake yawan yaudarar mai saye. A ƙananan UPS, wat kusan kashi 60 cikin 100 ne na VA. Mai 650VA yana ɗaukar wat 360 zuwa 390, mai 1000VA kamar 600, mai 1500VA kamar 900. Nemi wat ɗin a takardar baya, da shi za ka yi lissafi.

Ɗauki shagon buga takardu: kwamfutar ofis wat 90, monita 25, na'urar intanet 10. Jimla 125. Ƙara rabin wannan don sarari, kusan 190 ke nan, mai 650VA ya wadatar. Mai haɗa bidiyo da katin hoto babba yana iya cin 350 in aiki ya yi zafi, ga monita biyu, ya doshi 420. Shi 1000VA ne mafi ƙanƙanta, 1500VA ya fi kwanciyar hankali. Kada ka ruɗu da "500W" da ke jikin pawa-pak, iyakar abin da zai iya bayarwa ne, ba abin da yake ci kullum ba.

Minti nawa zai riƙe? Mai 650VA batir ɗaya ne a cikinsa, 12V 7Ah. A takarda 12 sau 7 ya ba da 84, wato wat 84 na tsawon awa ɗaya, amma da saurin da UPS ke zuƙarsa ko rabin haka ba ka samu. Da nauyin wat 125 da sabon batir, ka sa rai da minti 10 zuwa 15. Lokacin adana aiki ne da kashewa, ba na ci gaba da buga takardar kwastoma har ECG ta dawo ba.

5. Zaɓi iri, sannan ka shiga kasuwa

Iri uku ne. Mafi arha, standby, ba ya gyara wuta ko kaɗan: ta ɗan sauka, sai ya koma batir. A unguwar da wuta ke rauni kowane dare zai yi ta hawa batir yana sauka har ya kashe shi. Ba na ba kowa shawararsa a nan. Na biyu, line-interactive, yana da AVR, wato taransifoma a ciki da ke ɗaga wutar da ta yi ƙasa ba tare da taɓa batir ba. Shi ne daidai da yawancinmu. Na uku, online, kullum shi ke ƙera wutar da kwamfuta ke sha, babu tazarar komawa batir sam. Kuɗinsa ninki ne a kan ninki, yana da fanka mai ƙara, yana kuma cin yunit. Sai mai sabar ofis ko wanda aikinsa ya fi ƙarfin kuɗin.

A Tip Toe Lane da ke Circle, ko Zongo Lane, ko Adum ga mutanen Kumasi, abubuwa huɗu za ka duba a takardar baya. Na farko, faɗin wutar da yake karɓa: wasu 162–290V, wasu 140–300V. Kwatanta da lambar da ta fi ƙasa a takardar awonka. Na biyu, 220–240V da 50Hz. UPS ɗin Amurka mai 120V ba ya yi a nan, komai kyansa da arharsa. Na uku, ramin USB a baya, saboda mataki na 9. Na huɗu, siffar wutar da yake bayarwa a kan batir. Masu arha simulated sine suke bayarwa, wato kwaikwayon siffar wutar bango, wadda yawancin kwamfutocin ofis ke karɓa. Amma wasu pawa-pak masu tsarin da ake kira Active PFC, musamman manya, sukan yi gurnani ko su mutu da ita. In irinsu gare ka, nemi mai pure sine, wato siffa irin ta wutar bango, ko ka sa a gwada da kwamfutarka kafin ka biya.

Farashi na bin dala, na wannan watan ba shi ne na wata mai zuwa ba, don haka ka zaga shago uku, ka kwatanta da wat ba da VA ba. UPS na hannu ba laifi, da sharaɗin ka ɗauki batirinsa a matsayin matacce, ka cire kuɗin sabo daga cinikin. Ko sabon ma tambayi tsawon zamansa a shago, batirin da ya yi shekara a kwali ba caji ya riga ya raunana. Karɓi rasit mai lambar na'urar. Akwai kuma kuɗin da ba a gani: UPS mai cin wat 10 a zaune, in an bar shi dare da rana, yunit 7 da ɗoriya ne a wata a kan mitar kati.

6. Sitabilaiza: ga wanda yake buƙata kawai

Idan awonka bai taɓa fita daga faɗin da UPS ke karɓa ba, ajiye kuɗinka. Idan yana fita, jerin shi ne: bango, sitabilaiza, UPS, kwamfuta.

Gargaɗi: ba a sa sitabilaiza a bayan UPS. Jan wutar da taransifomarta ke yi lokacin tashi, da siffar wutar batir, suna iya ƙone UPS ɗin.

Sayi wadda ta ninka UPS girma, 2000VA ga UPS mai 1000VA, domin ƙarfin sitabilaiza raguwa yake yi sosai in wutar shiga ta yi ƙasa, a daidai lokacin da kake buƙatarta. Kunna maɓallin jinkiri. In an maido da wuta, daƙiƙun farko su ne mafi haɗari, gara ta ɗan jira kafin ta buɗe wa UPS. Idan ka ji su biyun suna ta ƙas-ƙas suna amsa wa juna ba tsayawa, gyaran ɗaya na rikita ɗaya ne, sai a rage saurin jin UPS ɗin kamar yadda za a gani a ƙasa.

7. Haɗawa da cajin farko

Wasu UPS, irin na kamfanin APC da yawa, suna zuwa da batir a cire, akwai waya ko ɗan filogi da za ka haɗa tukuna. Sa shi a bango ba tare da ɗora masa komai ba, ya yi aƙalla awa 8 yana caji.

Duba ramukan baya da kyau. A wasu UPS ba duka ne ke da batir ba, waɗanda aka rubuta wa Surge Only kariya kawai suke yi, wuta na yankewa su ma sun yanke. Akwatin kwamfuta, monita da na'urar intanet su ne na ramin batir.

Gargaɗi: firinta mai leza da injin fotokofi ba sa hawa UPS. Lokacin da suke ɗumama suna jan ɗaruruwan wat farat ɗaya, wasu sun haura 1000. Haka fanka, firji, dutsen guga da buta. A shago wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, saboda yaron shago ya ga rami a buɗe.

Wurin ajiya ma magana ce. Batirin da aka ce yana shekara 3 zuwa 5, a ɗaki mai zafin digiri 25 ake nufi. Kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwarsa biyu. A shagon kwantena mai rufin kwano a Accra, cikin watan Maris, in ya yi shekara biyu ya yi ƙoƙari. Ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan damina, bar masa tazarar tafin hannu ta kowane gefe, kada a ɗora masa rim ɗin takarda, kada a kulle shi a kabad. Bayan hunturu a share ƙurar ramukan iskarsa.

8. Karanta kukan

Kowane kamfani da tsarinsa, kuma littafin da ke cikin kwali shi ne alƙali. Amma tsari biyu sun fi yawa a kasuwarmu.

A Back-UPS na APC da yawa: kuka huɗu kowane daƙiƙa 30, yana kan batir. Kuka a jere ba hutu, batir ya kusa ƙarewa, saura kamar minti 2. Sauti ɗaya dogo da ba ya yankewa, nauyi ya yi yawa. Ɗan tsiwa na minti ɗaya da ke dawowa bayan kowane awa 5, batirin ya faɗi gwaji, a canza shi.

A yawancin masu arha: kuka ɗaya kowane daƙiƙa 10, yana kan batir. Kowace daƙiƙa, batir ya yi ƙasa. Sau biyu a daƙiƙa, nauyi ya yi yawa. Dogo marar yankewa da jar fitila, na'urar ta samu matsala.

Yanzu ga tambayar farko, kuka alhali akwai wuta. Fara bambance ƙas-ƙas da kuka. Ƙas ɗaya ba kuka, AVR ne ke canza mataki, aikinsa yake yi, ƙyale shi. Kuka ɗaya ko biyu sannan shiru, wutar ta faɗi ƙasa da abin da yake karɓa na ɗan lokaci, ya tare ta da batir. Sau biyu ko uku a yini ba komai. Idan ya zama kowane 'yan mintoci da dare, batirin ba ya samun cika, kuma ranar da aka ɗauke wutar gaske zai ba ka kunya. Magani: koma mataki na 2, sannan na 6. A masu saitin sensitivity, wato saurin ji, ta maɓalli ko ta manhaja, mayar da shi Medium ko Low, zai daina firgita da ƙaramin motsi. Pawa-pak mai 100–240V ba ya damuwa da wannan sassaucin. Idan kuwa yana kukan batir ba tsayawa ga wuta lafiya a mita, to wutar ba ta isa gare shi: duba fiyus ɗin filogi, duba ɗan maɓallin da ke fitowa a bayansa in nauyi ya yi yawa, ka danna shi, ko fiyus ɗin da ke gindin wayarsa.

Tambaya ta biyu, kwamfuta na mutuwa duk da UPS. Kashe kwamfutar, bar monita ko ƙwan fitila kaɗai a ramin batir, ka kashe makunnin bango. In shi ma ya mutu nan take, ko bayan 'yan daƙiƙu, batir ne, kuma shi ne mai laifi a mafi yawan lokuta. In ya zauna daram, batir na da sauran rai, sai a duba uku: ko kwamfutar na ramin Surge Only, ko nauyi ya wuce kima, ko pawa-pak ne, tsufa ko rashin jituwa da simulated sine. Aro wata kwamfutar ka gwada, nan za ka raba gardama.

Ana iya kashe kukan "ina kan batir" in yana hana barci, amma kada a cire ƙararrawar gaba ɗaya kamar yadda wasu masu gyara ke yi. Kukan canjin batir da na nauyi su ne kaɗai gargaɗin da za ka samu.

Gargaɗi: wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko jikin UPS ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko gefensa ya kumbura, wannan ba na jira ba ne. Kashe, cire daga bango, fitar da shi inda iska ke kaɗawa.

9. Koya wa kwamfuta ta kashe kanta

Wuta ba ta sallama kafin ta tafi, kana iya kasancewa a masallaci ko wajen cin abinci. Haɗa UPS da kwamfuta ta USB. Da yawa Windows na ganinsu a matsayin batir, alamar za ta fito a ƙasan allo. Shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, sannan Battery. Sa Low battery level a 50, Critical battery level a 35, Critical battery action kuma Hibernate ko Shut down. Idan alamar ba ta fito ba, sa manhajar kamfanin: PowerChute ga APC, wasu kuma ViewPower ko WinPower suke amfani da ita.

Me ya sa 35, ba 10 ba? Batirin dalma ba ya son a tatse shi ƙarƙaf, kowace tatsa tana rage masa kwana. Kuma cikarsa na ɗaukar awa 6 zuwa 8, alhali wutar da aka maido tana iya sake tafiya bayan minti 20. Ragowar nan ita za ta tare ta biyun.

A BIOS, wato saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, nemi AC Recovery ko Restore on AC Power Loss, ka sa shi Off, don kada kwamfuta ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da wuta ta leƙo ta koma. A Word, File, Options, Save, rage AutoRecover daga minti 10 zuwa 2 ko 3. Kuma in sama ta haɗa hadari, ko wuta na wasa, ba lokacin sabunta Windows ko BIOS ba ne.

10. Gwaji da canjin batir

Kowane wata uku, adana aikinka, ka kashe makunnin soket ɗin bango kana duba agogo. Makunni, ba cire filogi ba, don wayar ƙasa ta zauna a haɗe. Rubuta mintin da ya yi kafin kukan "batir ya yi ƙasa" a takarda, ka manna a jikinsa tare da ranar da aka sa batirin. Ranar da mintocin suka koma rabin na farko, lokaci ya yi.

Wajen saye, tafi da tsohon batirin da maltimita. 12V 7Ah da 12V 9Ah girmansu ɗaya, kusan milimita 151 da 65 da 94, don haka mai 9 yana shiga gurbin mai 7. Bakin ne ke bambanta, akwai siriri F1 da mai faɗi F2, yawancin UPS mai faɗin suke so. Juya mita zuwa V na DC a kan 20, ka auna kafin ka biya: 12.6 zuwa 12.9 mai kyau ne, ƙasa da 12.4 ya daɗe a ajiye. Ɗaga shi ka ji, na gaske mai 7Ah yana kai kilo 2 ko ɗan fiye, wanda ya fi tsohonka sauƙi a hannu dalmarsa kaɗan ce. Lamba kaɗai na iya yaudara, mataccen batir ma yakan nuna 12 da wani abu in ba nauyi. Haɗa masa ƙwan fitilar mota mai wat 55 na minti ɗaya: lafiyayye zai tsaya kusa da 12, matacce zai zube ƙasa da 11 kana kallo.

Wajen sawa: kashe UPS, cire daga bango, cire zobe da agogo, ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka taɓa komai. Cire baƙa, sannan ja. A mayarwa ja ga ja, baƙa ga baƙa. Ɗan tartsatsi lokacin haɗa ta ƙarshe ba matsala ba ne. Kada ka taɓa allon da ke ciki, kafasitoci na riƙe wuta bayan an kashe. Idan batir biyu ne, a canza su tare, iri ɗaya, tsoho yana jan sabo ƙasa. Idan sabon batir ya kumbura cikin 'yan watanni, sa mai gyara ya auna cajin, ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 13.8. Tsohon kuma a mayar wa mai shago ko masu sayen dalma, ba bola ba, ba kwata ba.

Gargaɗi: kada a jona wa ƙaramin UPS batirin mota don ya daɗe. Cajarsa ƙarama ce, ba za ta cika shi ba, taransifomarsa kuma an yi ta don aikin mintoci ba fanka. Ta yi awa ɗaya tana aiki, roba za ta fara narkewa. Mai son awanni inbata zai saya.

11. Janareta da tsawa

Ƙaramin janareta ba ya riƙe 50Hz daidai, shi ya sa UPS ke ƙin wutarsa, ya yi ta kuka a kan batir ga inji na ruri a waje. Bar janareta ya yi minti biyu ya daidaita kafin a juya layi, ɗora masa ɗan nauyi mai tsayawa kamar fitilu, sa sensitivity a Low. In duk da haka ya ƙi, a kai janaretan a saita gudunsa, ko a nemi mai inbata. Kashe kwamfuta kafin mai ya ƙare, tangal-tangal ɗin da inji ke yi a ƙarshe ya fi yankewar wuta illa.

Tsawa kuwa, daga Afrilu zuwa Yuni da kuma wajen Oktoba, babu UPS ɗin tebur da ke tare wadda ta sauka kusa. Cire filogin UPS daga bango, ka cire wayar intanet da ta shigo daga waje, da ta eriya in akwai, domin ta nan ma take bi ta ƙone madabod, babban allon cikin kwamfuta.

Idan awonka ya nuna wutar layinku ce ke ƙasa kullum, ba ta gidanka kaɗai ba, haɗa kai da maƙwabta ku kai ƙorafi a rubuce ofishin ECG, da lambar mita da takardar awon nan mai kwanaki da lokuta. Wani lokaci mayar da gidan kan wani fes, wato wani layin taransifoma, da ba shi da nauyi ya isa. In an yi shiru, PURC ce hukumar da ke karɓar ƙarar masu amfani da wuta, kuma za ta nemi shaidar cewa kun fara zuwa ECG, don haka a ajiye kwafin takardar da lambar ƙorafin.